Talabijin ba shi da jan rami da fari, amfilifaya kuma 'yar Japan ce: sai na sayi DAC mai tsada?

Ɗan Gwammaja

Assalamu alaikum masana. Ina neman shawararku kafin in ƙara kashe kuɗi.

Ga kayan da ke gabana. Amfilifaya ce ta hannu, irin 'yan Kwatano. A bayanta an rubuta AC 100V, 50/60Hz, 180W, kuma tana ba da wat 50 kowane ɓangare a kan om 8. Mai shagon ya haɗa ni da 'yar taransifomar rage wuta mai fitar da 110. Sai manyan sifikoki biyu na katako, om 8, an rubuta musu 88dB. Akwai kuma wasu ƙanana biyu masu om 4 da ban haɗa ba tukuna.

Talabijin ɗin na zamani ne, babu jan rami da fari na fitar da sauti a jikinsa, sai HDMI da wani ɗan rami mai murfi da aka rubuta Optical. Dikoda tana da jan da farin, na haɗa ta da AUX, sauti na fita, amma da wani gurnani "huuum" a ƙarƙashinsa da ba ya ɗaukewa. YouTube da abin da ke cikin filas kuwa babu hanyar da zan kai su amfilifaya.

A Sabon Gari an ce DAC nake buƙata. An nuna min ƙarami mai 24bit/192kHz, an nuna min wani mai 32bit/384kHz da ya ninka shi kuɗi sau da yawa. Wani kuma ya ce in rabu da tsohon kaya in ɗauki sabon saiti mai wat 3000. Falona mita 4 ne da 5, tayil ne a ƙasa. Karatun Alƙur'ani, waƙoƙi da ƙwallo su ne abin da nake saurare. Wanne zan yi?

Bakaniken Fagge

Wa alaikumus salam Malam. DAC kam kana buƙata, amma ba mai tsadar ba.

Sautin da ke cikin talabijin, waya ko filas lambobi ne zalla. Amfilifaya irin taka ba ta jin lambobi, wutar lantarki mai hawa da sauka daidai da motsin muryar take karɓa ta ƙara mata ƙarfi. Aikin DAC shi ne mayar da lambobin zuwa wannan wutar, shi ke nan. Ba ya ƙara ƙarfi, ba ya ƙara bas. Wayarka ma tana da shi, dikodarka tana da shi, shi ya sa take iya ba ka jan rami da fari. Talabijin ma yana da nasa na sifikokin cikinsa, ƙofar fita ce kawai ba su yi masa ba.

Batun lambobin da ke kan kwali: faifan CD da Sony da Philips suka fito da shi a 1982 yana aiki ne da 16bit/44.1kHz, wato ana auna sautin sau 44,100 a daƙiƙa. Wannan ya isa ɗaukar sauti har kusan 22kHz, kunnen ɗan Adam kuwa iyakarsa 20kHz, shi ma a ƙuruciya. Talabijin galibi 48kHz yake fitarwa ta oftikal. To DAC mai 384kHz ba zai taɓa ganin abin da ya wuce 48 daga talabijinka ba. Ita kanta wayar oftikal ba ta ɗaukar 384, galibi ta USB ake samun wannan. Kuɗin da za ka ƙara na ƙofar da ba za ka shiga ba ne.

Yadda za ka haɗa: dikoda ta shiga talabijin ta HDMI. Ka cire jan da farin da ka ja daga dikoda zuwa amfilifaya gaba ɗaya. Wayar oftikal daga talabijin zuwa DAC, ka tuna ka cire 'yan hulunan roba da ke bakinta biyu, don mutane da yawa da su suke cusawa su ce waya ba ta shiga. Idan talabijin na kunne za ka ga jan haske a ɗaya bakin, alamar tana aiki. Kada ka lanƙwasa ta sosai, zaren cikin yana karyewa. Daga DAC sai jan da fari zuwa AUX, CD ko TAPE IN, duk ɗaya ne. Ban da PHONO. Wannan ramin na garmaho ne, an yi shi don sigina 'yar mitsitsiya ta milibolt kaɗan, yana ninka ta kusan sau ɗari yana kuma ƙara bas. DAC kuwa yana iya fitar da har bolt 2. Ka sa shi a can, sai ka ji murya ta dagargaje.

Sai abin da ya fi sa a mayar da DAC shago a ce ya lalace: ka shiga saitin sauti na talabijin, wajen Digital Audio Out, ka mayar da shi PCM. Idan ka bar shi a Auto, Bitstream ko Dolby Digital, ƙananan DAC ba su san wannan yaren ba. Wata tashar za ta yi magana lafiya, kana komawa tashar ƙwallo sai shiru, ko wani "shhhh" mai ƙarfi da zai iya cinye maka tuwita, wato 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti. Ka rage ƙarar amfilifaya ƙasa kafin gwajin farko. Kuma ka sani a yawancin talabijin rimot ba ya rage ƙarar oftikal, a amfilifaya za ka riƙa ragewa.

Gurnanin nan kuma mai yiwuwa daga wayar dish yake. Ita tana da tata hanyar zuwa ƙasa, amfilifaya tana da tata, bambancin da ke tsakaninsu sai ya bi ta jikin jan da farin, ka ji shi a matsayin ƙugin 50Hz na wutar gari. Gwada: kana jin gurnanin ka kwance wayar dish daga bayan dikoda. Idan ya ɗauke, ita ce. Oftikal na magance wannan domin haske ne ke bi ta cikinta, babu ƙarfe. Amma da sharaɗi: kada ka ba DAC wuta daga ramin USB na talabijin, don ta nan ka sake haɗa abin da ka raba. Ka ba shi cajar kansa mai bolt 5. Kuma kada wani ya ce ka karya dogon ƙarfen fulogi na wayar ƙasa don gurnani ya tafi. Zai iya tafiya, amma ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfen na'ura, mai taɓawa ne zai zama hanyarta.

Injiniyan Tarauni

Bayanin Oga Bakanike ya wadatar a kan DAC. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne 100V ɗin nan, don shi ne zai iya raba ka da amfilifayar gaba ɗaya.

Wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu 230 a 50Hz. Taransifomar da aka ba ka raba biyu kawai take yi: a ba ta 220 ta ba da 110. Tun a nan an ɗora wa amfilifayar kashi 10 cikin ɗari fiye da abin da aka gina ta a kai. Da tsakar dare idan unguwa ta kashe kaya wuta ta hau 240, sai ta ba da 120, kashi 20 ke nan. Ba za ta ƙone nan take ba, amma manyan kafasitocin ciki, waɗanda dama sun tsufa, za su zauna a bakin iyakarsu, zafi kuma ya ƙaru. Ka nemi taransifoma mai fitar da 100 daidai. Idan ba ka samu a France Road ba, masu naɗin koyil suna naɗawa, ka faɗa musu 230 zuwa 100. Girmanta kada ya gaza 300VA tunda bayan na'urar ya ce 180W, in ka samu 500VA ya fi, don lokacin kunnawa amfilifaya tana fizgar wuta da yawa. Ƙaramar nan mara nauyi da ake sa wa injin aski ba ta wannan aikin ba ce. Ka sa mita a bakinta ka auna da idonka kafin ka jona. Ramin 110 da ke jikin wasu sitabilaiza ma haka, a auna shi.

Tsarin shi ne bango, sitabilaiza, taransifomar 100, sannan amfilifaya. Ka naɗe fulogin amfilifayar da jan salatif, ko ka ɗaure shi a jikin taransifomar ta yadda ba zai ciru ba. Yaro ko baƙo ya cusa shi a soket na bango sau ɗaya, magana ta ƙare. Ka ajiye taransifomar nesa da jan da farin, aƙalla rabin mita, don ita ma tana jefa gurnani cikin waya. Idan an ɗauke wuta ka kashe amfilifaya, kada ta kasance a kunne lokacin da za a dawo da ita ko lokacin da ake juyawa zuwa janareta. In da inbata a gidan, ka duba wace iri ce. Mai tsaftatacciyar igiya, wadda ake rubuta wa Pure Sine Wave, babu matsala. Mai arahar nan ta Modified tana sa taransifoma kuka da zafi, har a sifika za ka ji "zzzz".

Wani abu da mai shago ba zai faɗa maka ba: idan akwai rediyo a jikinta, FM ɗin tsofaffin kayan Japan daga 76 zuwa 90 yake tsayawa. Freedom da ke 99.5 ba za ta kamu ba. Ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta.

Saitin wat 3000 kuwa, juya bayansa ka karanta wutar da yake ci. Galibi za ka tarar bai fi wat ɗari ba. Na'ura ba ta fitar da abin da ya fi wanda ta sha. Wannan lambar PMPO ce, ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Wat na gaskiya shi ne wanda aka rubuta RMS, aka faɗi om nawa, kamar yadda taka ta faɗa.

Kuma 50 ɗin nan ba kaɗan ba ne. 88dB na sifikarka na nufin wat ɗaya tak yana ba da ƙarar 88dB a nisan mita ɗaya. Duk ninka wat sau biyu 3dB kawai yake ƙarawa: wat 2 ya ba da 91, wat 4 ya ba da 94, wat 8 ya ba da 97, wat 50 ya kai wajen 105. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ninka wat sau goma. A falo mai mita 4 da 5 yawancin sauraronka ba zai wuce wat ɗaya zuwa biyar ba, sauran ajiya ce don lokacin da ganga ta buga.

Kunne Biyu

Na yarda da malamaina, amma kada a ɗauka duk ƙananan DAC ɗaya ne. Lambar kan kwali ba ita ce bambancin ba, wannan gaskiya ne. Bambancin yana wajen tsaftar wuta da ɓangaren fitarwa. Mafi arahar ciki wasu suna da siririn "sss" da ake ji idan an ɗaga ƙara babu abin da ke wasa, wasu suna yin "ɗas" duk lokacin da aka canja tasha, wasu kuma fitarsu ba ta da ƙarfi sai ka murɗa amfilifaya sosai. A karatun Alƙur'ani, inda akwai shiru tsakanin aya da aya, wannan "sss" ɗin yana damun mai sauraro fiye da a waƙa.

Don haka a gwada a shago. A haɗa, a tsayar da abin da ke wasa, a kai ƙara rabi, a kara kunne a tuwita. Idan akwai ƙara, a cire cajar a sa fawabank. In ta ɗauke, laifin cajar ne ba DAC ba, sai a nemi caja ta kirki. Mai matsakaicin kuɗi, mai gidan ƙarfe, da oftikal da USB, ya isa har a manta da shi.

Abin da ya fi DAC tasiri shi ne abin da ake ba shi. Waƙar da aka tura a Farm Centre ko ta yi ta yawo a WhatsApp, wata 128kbps ce, wata 64, wata ma daga bidiyo aka ciro ta aka sake matsewa. Abin da aka zubar wajen matsewa babu na'urar da za ta dawo da shi, kaya masu kyau ma ƙara tona asirinsa suke yi: kuge da tafi su riƙa yin kamar ana watsa ruwa. A nemi MP3 mai 320 ko 256, ko FLAC, wanda ba ya zubar da komai wajen matsewa, in an samu. Bluetooth ma matsewa yake yi, salon matsewarsa na SBC da kowace waya ke da shi bai wuce wajen 328kbps ba. Don waƙa daga waya ya wadatar. Don ƙwallo kuwa a bar shi, yana jinkiri, sai ka ga an buga kafin ka ji.

Ɗan Gwammaja

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Na kwance wayar dish, gurnanin ya ɗauke kamar yadda Oga ya ce. Saura biyu. Amfilifayar tana da wajen sifika A da B, zan iya sa ƙananan masu om 4 a B su yi tare da manyan? Sannan idan na murɗa maɓallin ƙara tana yin "ƙarar-ƙarar", wani lokaci ɓangaren hagu ya ɗauke sai na ɗan taɓa shi.

Bakaniken Fagge

Kada ka haɗa su tare, Malam. A yawancin amfilifaya, idan ka danna A da B lokaci guda, kafaɗa da kafaɗa suke shan wuta daga tushe ɗaya, om ɗin kuma raguwa yake yi ba ƙaruwa ba. Lissafin: ka ninka su, ka raba da jimlarsu. 8 sau 4 talatin da biyu, a raba da 12, ya ba da kusan 2.7. Don ta ba da wat 50 a om 8, amfilifayarka tana fitar da bolt 20 da amfiya 2.5. A wannan bolt ɗin, om 2.7 zai nemi amfiya 7.5, ninki uku. In tana da kariya, rile, wato makunnin ciki mai raba sifika da wuta, zai yi ta katsewa. In babu, transistocin fitarwa za su tafi, wani lokaci su tafi da sifika. Duba rubutun da ke kusa da wajen ɗaura wayoyin, galibi za ka ga an ce A ko B om 4 zuwa 16, A da B tare om 8 zuwa 16. Kana iya kai ƙananan wani ɗaki a kan B, amma ɗaya bayan ɗaya za ka riƙa kunnawa. Dama sifika huɗu iri biyu a falo ɗaya ba sa ƙara daɗi, cakuɗa muryar suke yi.

Ƙarar maɓalli ƙurar hunturu ce da datti a kan layin kabon na ciki. A cire fulogi, a buɗe murfi, a fesa maganin wanke maɓalli, wanda ake rubuta wa Contact Cleaner, ta 'yar ƙofar da ke bayan maɓallin, a murɗa shi daga farko zuwa ƙarshe kamar sau ashirin, a bari ya bushe. A yi wa maɓallin Balance da na zaɓen AUX da na A da B haka, don ɗaukewar ɓangare ɗaya sau da yawa daga su ne. Ban da man inji, ban da fetur, ban da kananzir. In bayan haka hagu na ci gaba da ɗaukewa idan ƙara tana ƙasa, ya dawo idan an ɗaga, to bakin rile na sifika ne ya yi tsatsa, a canja shi. Manyan kafasitocin nan biyu suna riƙe wuta bayan an cire fulogi, kada ka sa hannu ko sukundireba kusa da ƙafafunsu. In ba ka saba ba ka kai wa mai gyara. Tunda an buɗe, a duba kansu: wanda ya kumbura ko ya zubo da ruwa a gindinsa ya gama aiki.

Wani gwaji na minti biyu: cire sifikoki, kunna amfilifaya, ƙara a ƙasa, bar ta minti goma, sa mita a DC milibolt a kan ja da baƙin kowane ɓangare. Ƙasa da 50 lafiya. Ya haura 100 tana son saiti. In ka ga bolt ɗaya ko fiye, kada ka mayar da sifika sai an gyara, don wannan wutar koyil ɗin sifika take dafawa a hankali.

Wayar sifika kuma ba sai mai suna ba. Tagulla mai kauri 1.5mm² ta isa mita biyar, in ta fi haka ka sa 2.5mm². Ka kankare bakinta da wuƙa a gaban mai shago: in cikin ya fito fari, alminiyon ne aka shafa wa tagulla. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi a ɓangarorin biyu. In ka juya ɗaya, bas zai ɓace, muryar mai karatu ta rasa tsakiya. In alamar ta goge, taɓa wayar da batir ɗan bolt 1.5 na daƙiƙa ɗaya: idan wufa, wato babban faifan sifikar mai ba da bas, ta turo waje, wayar da ke kan ƙarfen batir mai alamar tarawa ita ce ja. Ka murɗe silin wayar sosai, ƙwaya ɗaya ta tsallaka ta taɓa maƙwabciyarta ta isa ta ƙona ɓangare.

'Yar Hotoro

Ƙari kaɗan a kan falon, tunda an ce tayil ne. Tayil da bangon siminti da silin POP duk mayar da sauti suke yi, shi ya sa murya ke yin amsa-kuwwa, harafi ya hau kan harafi. Kafet mai kauri tsakanin sifikoki da wajen zama, da labule mai nauyi a taga, za su gyara fiye da duk abin da canjin DAC zai yi.

A jera sifikokin a bangon mita 4, tazarar mita 2 zuwa 2.5 a tsakaninsu, wajen zama kuma kusan wannan nisan daga kowacce, a ɗan karkato da fuskarsu ciki. A janye su daga bango kamar santimita 30 zuwa 50, musamman in ramin iskarsu a baya yake. A kusurwa bas yana kumbura ya rufe magana. Tuwita ta daidaita da kunne: in a kujera ake zama, wajen santimita 90 zuwa mita ɗaya daga ƙasa, in kuwa gidan masu zama a kan darduma ne, kada a ɗora su a kan dogon teburi, sautin sama zai wuce ta kan mutane.

Amfilifayar kada a cusa ta cikin dibaida mai gilashi, kada a ɗora mata dikoda a ka, a bar mata aƙalla santimita 15 a sama. Irin waɗannan tsofaffin kusan rabin wutar da suke sha zafi take zama, a watan Afrilu kuma Kano na haura digiri 40. Kyallen rufe ƙura sai bayan an kashe ta ta huce. Wajen kunnawa ita ce ta ƙarshe, bayan talabijin da DAC. Wajen kashewa ita ce ta farko. Idan kuma kun ɗaga ƙara kuka ji murya ta fara kaushi, a rage nan take, a mayar da Bass tsakiya, a kashe Loudness. Wannan kaushin alamar amfilifaya ta kai iyakarta ce tana yanke kan igiyar, kuma tuwita ce ke fara ƙonewa.